Farin da Ba Ya Shiga Littafi

Erlbach, 11 ga Janairu, 1970

Zuwa ga Kreszenz,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da mijinki Alois, kuma tarin da aka ce yana damunsa ya yi sauƙi. Ni dai ga ni nan, gwiwa ce kawai take min tsiya idan sanyi ya sauko. Katin ta'aziyyarki ya iso, na gode. Ban ga laifinki da ba ki zo jana'iza ba. Daga Rindlberg zuwa nan ba nan kusa ba ne, kuma ni da ke ba mu wani saba ba. Sau biyu na taɓa ganinki, ranar aurena da ranar da aka binne surukata. Mijina marigayi Korbinian ya ce kakarki da kakarsa ciki ɗaya suka fito, na ce to, Allah ya bar zumunci.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Saura kwana biyu ya cika, ya kama wuyan hannuna ya ce, "Burgi, idan Ulla ta haihu, ki rubuta wa Zenzi." Wato ke, haka yake kiranki. Na ce, "Kai jama'a, mutum yana bakin kabari yana zancen karya. Bari a kira maka Fada daga coci tukuna." Ya sake cewa, "Ki rubuta wa Zenzi, kafin komai." Na ɗauka zazzaɓi ne ke magana. Amma wasiyya wasiyya ce, shi ya sa ma na fara tun ba ta haihu ba.

Ulla ita ce karyarmu ta ƙarshe. Shi da kansa ya kai ta barbara farkon Disamba, a hanyar dawowa sanyi ya kama shi a ƙirji, shi ke nan. Kin san al'adar masu kiwon karnukan boksa: haihuwar farko a gida duk sunayen kwiyakwiyan da A suke farawa, ta biyu da B, haka har ƙarshen baƙaƙe. Shekara ashirin da huɗu muna bin su ɗaya bayan ɗaya, wannan ita ce ta Z. Kullum yana cewa in ya kai Z zai rufe littafi ya huta. Ya huta ɗin, ya bar ni da Z.

Abin da ke hana ni sakat shi ne, Ulla tana da fari a ƙirji da ƙafafu, namijin ma haka. Idan irin waɗannan biyu suka haɗu, sau da yawa akan samu wanda ya fito fari fat. Fari kuwa ba ya shiga littafin zuriya. Ƙungiyar masu kiwo ta ce kurame ne, masu laulayi, abin kunya ga gidan da ya haife su, don haka kafin mai duba haihuwa ya zo ƙirga, fari ya riga ya ɓace. A yankinmu Korbinian ne mai dubawar, shi yake ɓatarwa, shi yake sa hannu. Duk safiyar da aka samu fari, zai ce in shiga ciki. Daga madafa ina jin motsin ruwa a gangar da ke bayan rumfa, sai kuma in hango shi da shebur a gindin tuffa. Daga nan ya sa babbar rigarsa ya tafi tashar jirgi, wai kai takarda, ba zan gan shi ba sai washegari. Goma sha tara, Zenzi. Na ƙirga su. Duk ranar da ya yi, kwana uku ba na zama tebur ɗaya da shi, mahauci nake kiransa a gaban idonsa, bai taɓa tanka min ba.

Tun da ya rasu nake jin kukansu. Da rana tsaka, ina shanya, sai in ji wannan siririn kukan daga wajen ganga, alhali ganga ta daskare har ƙasa. Ban gaya wa Fada ba, zai ce in rage kofi. Tsoro nake ji, gaskiya. In fari ya fito wannan karon, babu Korbinian.

Taki,
Walburga

Rindlberg, 19 ga Janairu, 1970

Yaya Burgi,

Na amsa gaisuwarki da farin ciki. Alois ya ji sauƙi har ya koma bakin wuta a masana'antar gilas, ni ma ina can ina naɗe kofunan gilas cikin ciyawa daga safe zuwa yamma. Ki riƙa ɗaura wa gwiwar nan ganyen kabeji mai ɗumi. Kada ki yi dariya, uwata da shi ta kai tamanin da bakwai.

Wasiƙarki ta sa ni kuka a gaban mai kawo wasiƙu, har ya tambaye ni ko wani ne ya sake mutuwa. Korbinian ya kan biyo ta nan idan ya fito kai takardarsa, ina jin kin sani. Zai zauna kusa da murhu ya sha miyar dankali kwano biyu, ya ce tawa ba ta kai taki ba. Mutumin da ake kira mahauci a gida ya zo gidan wasu yana yabon miyar matarsa, ki duba wannan.

Akwai maganganun da ya bar min da ba ni da ikon buɗewa yanzu. Na rantse masa, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, ni ban taɓa ganin laifinsa a kan fararen nan ba, kuma ranar da kika san shi yadda na san shi, ke ma ba za ki gani ba.

Kada ki ɗora wa kanki damuwa tun abu bai zo ba. Shi da kansa ya ce min ba kowace haihuwa ake samu ba, wataƙila duk su fito jajaye ki rufe littafin lafiya. Amma ranar da Ulla ta sauka, ki rubuto min a ranar, ki faɗa min launin kowanne, sannan ki jira amsata. Kwana biyu wasiƙa take yi a hanya, biyu ta dawo. Ki jira ni, Yaya.

Maganar kukan da kike ji, ki kunna kyandir a coci, ki kuma daina shanya a bayan rumfa. Ai gidan yana da gaba.

Ƙanwarki,
Zenzi

Erlbach, 9 ga Fabrairu, 1970

Kreszenz,

Ina gaishe ku. Gwiwa tana nan yadda take, kabejin kuma na ci abina.

Ulla ta sauka yau Litinin da hantsi. Bakwai. Huɗu jajaye, biyu masu zane, dukansu da baƙin baki yadda ake so. Na bakwai ya zo bayan na ɗauka ta gama, har na tashi wanke hannu. Namiji ne, fari tun daga hanci har wutsiya, ko ɗigo babu. Ya fi sauran girma, kuma shi ya fara kama nono. Na tsaya a kansa ina cewa, "Kai kuma wa ya aike ka?" Ulla ta lashe shi kamar sauran, ita ba ta karanta dokar ƙungiya ba.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Wato ke ma kina bayansa. Ba ki taɓa ganin laifinsa ba, in ji ki. To, danginku ne, jini ya fi ruwa kauri. Wataƙila ni ce mai raunin zuciya, na shekara ashirin da huɗu ina cin abincin da karnukan nan suka kawo, ina kuma zagin wanda ya ɗauke min ƙazamin aikin. Wannan tunanin bai min daɗi ba ko kaɗan.

Yanzu wanda ya gaji Korbinian a aikin dubawa shi ne Stadlbauer, mai shagon sirdi da takalma, wanda Korbinian ya koya wa komai. Ya aiko cewa ranar Asabar, sha huɗu ga wata, zai zo da takardar rajista. Kin ga kwana biyar ke nan. Kin ce biyu zuwa, biyu dawowa, saura ɗaya. Zan jira ki, tunda shi ya ce in rubuta miki kuma ke kin ce in jira, ko da yake ban san abin da mai naɗe kofuna za ta gaya min a kan karnuka ba.

Ban sa masa suna ba. Korbinian ya ce ba a sa wa fari suna, in ka sa, ka shiga uku. Sauran na rubuta nasu a bayan kalanda: Zita, Zilli, Zenta, Zorro, Zeno, Zar.

Abu ɗaya kuma. Tun da aka haife shi kukan nan na bayan rumfa ya daina. Da na ɗauka zan ji daɗi. Sai na ga kamar shiru suka yi suna sauraro su ji abin da zan yi.

Walburga

Erlbach, 13 ga Fabrairu, 1970

Kreszenz,

Da fatan lafiya ce ta hana ki rubutu. Jiya da yau na tsaya a bakin ƙofa har mai wasiƙu ya wuce, ya ɗaga min hannu wayam.

Stadlbauer ya leƙo shekaranjiya, wai wucewa yake yi. Ya durƙusa gaban akwatin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Uwargida, shida masu kyau. Da maigida yana nan, da ya yi alfahari." Na ce, "Idonka ya samu matsala ne? Bakwai ne." Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa ya ce, "Ni yau ban zo ba, ban ga komai ba. Ran Asabar zan zo, kuma abin da na tarar shi zan rubuta. Shekara ashirin da huɗu littafi bai taɓa nuna fari a gidan Erlbach ba. In na rubuta, za a yi wa Ulla alama, a yi wa 'ya'yanta shida, mutane kuma su fara tambayar abin da maigida ya riƙa sa wa hannu. A haihuwarsa ta ƙarshe kike so a yi haka?" Da ya kai ƙofa ya juyo ya ce a hankali, "In ba za ki iya ba, ki ba ni shi a buhu. Ba sabon abu ba ne." Na ce masa baƙon hannu bai taɓa yin wannan aikin a gidan nan ba, ba kuma zai fara ba.

Ba mugu ba ne, Zenzi. Abin da aka koya masa yake faɗa, kuma mijina ne ya koya masa.

Na gane shirunki. Kin riga kin faɗi ra'ayinki a wasiƙar farko, kina jin nauyin maimaitawa ne. Ba komai. Gobe da ƙarfe goma zai zo. Farin yana barci a kan wuyan uwarsa yanzu, cikinsa ya yi tim.

Walburga

Rindlberg, 16 ga Fabrairu, 1970

Yaya Burgi,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Lafiyarmu ƙalau. Dusar ƙanƙara ce ta rufe hanyar dutse tun ranar Talata, motar gidan waya ba ta hawo ba sai yau, ta kawo min wasiƙunki biyu a haɗe. Na karanta a tsaye, na ruga ba ko mayafi na buga miki telegiram. Allah ya sa kin yi taurin kan da Korbinian yake ba mu labari, kin kori Stadlbauer da tsintsiya. Na san Asabar ta wuce, amma ina rubutu kamar yana nan a kan wuyan uwarsa, don ba zan iya rubutawa ta wata hanya ba.

Rantsuwa ta ƙare, Allah ya yafe min, da tun a Janairu na karya ta. Yaya, Korbinian bai taɓa nutsar da ko ɗaya ba. Hannunsa yake sawa a ganga ya motsa ruwa don ki ji. Abin da yake binnewa a gindin tuffa dutse ne a cikin tsumma. Kwikwiyon yana cikin babbar rigarsa, a aljihun nan na ciki da kika ɗinka masa da fatar zomo, da ya ce miki ƙirjinsa ba ya son sanyi. Jirgi biyu yake hawa, sannan ya tako awa ɗaya da rabi a ƙafa zuwa nan, yana ɗiga masa madara a hanya. Ni nake raino da nonon akuya, ko in samu karyar da ta haihu in cusa mata. Biyu sun mutu a hanya, a jikinsa, ya yi kuka kamar yaro. Goma sha bakwai sun rayu.

Mutanen nan namu babu ruwansu da takardar kare. Masu yankan katako da masu hura gilas suka karɓe su. Huɗu ne kawai suka fito kurame, kuma su aka fi so a injin katako, don ƙara ba ta firgita su, da hannu ake musu magana ko a buga ƙafa a ƙasa. Kuma ƙarya ya yi miki da ya ce ba a sa suna. Kowanne ya sa masa da harafin haihuwarsa. Wastl yana kwance a ƙafata yanzu, ɗan W, shekararsa uku, daga ɗaki na uku yake jin an yanka tsiran alade.

Sau nawa na ce ya gaya miki. Ya ce, "Zenzi, Burgi ba ta iya ƙarya ba, in aka tambaye ta a bakin coci fuskarta za ta ba da amsa. Ni ne mai dubawa, ni na sa hannu a takardu ashirin da biyar cewa babu fari. In maganar ta fito, an soke sa hannuna, duk wanda ya sayi kare a gidana takardarsa ta zama banza. Gara ta tsane ni kwana uku." Ya ce in ya kai Z zai kawo ki nan da kansa ki gan su. Ya sa na dafa Littafi Mai Tsarki cewa ba zan faɗa ba sai ranar, ko sai in fari ya zo ba ya nan. Ni kuma da wautata na zauna jiran in ga ko farin zai zo.

Alois zai taho ran Asabar da safe. Ki ba shi rigar, ya san yadda ake yi. Akuyar maƙwabta ta haihu, madara tana nan.

Ki amsa min, don Allah.

Zenzi

Erlbach, 26 ga Fabrairu, 1970

Zenzi,

Ina gaishe ki, ina gaida Alois. Ki ba shi haƙuri da telegiram ɗin da na mayar cewa kada ya zo. Na san kalma uku ba amsa ba ce, amma sai yau na iya zama gaban takarda. Jikina lafiya.

Ranar Asabar ɗin da ƙarfe takwas na yi. Ganga ta daskare, kuma ko ba ta daskare ba, ba zan iya sa shi a ruwan sanyi ba. Na ɗora tukunya na ɗumama ruwa, na gwada da gwiwar hannu kamar za a yi wa jariri wanka. Na rufe Ulla a madafa. Ina yi ina cewa a raina, Korbinian ya yi sau goma sha tara bai yi ƙorafi ba, ke sau ɗaya ne. Har na roƙe shi gafarar sunan da na riƙa kiransa. Ƙasa ta yi tauri, shebur bai shiga ba, sai da gatari. Stadlbauer ya zo ƙarfe goma, ya ƙirga shida, ya rubuta shida, ya sha kofi ya ce na yi namijin ƙoƙari.

Telegiram ɗinki ya zo Litinin da la'asar. Wasiƙar ta zo Laraba. Na karanta ta, na je na ɗauko rigar daga bayan ƙofa na juya aljihun. Akwai fararen gashi a cikin ɗinkin.

Kada ki ce laifinki ne, ko na dusar ƙanƙara. Na yi kwana biyu ina zaginki, na yi uku ina zaginsa, har na je kabarinsa na faɗa masa a baki. Na ce, "Ka yarda da mai naɗe kofuna, ba ka yarda da matar da ta wanke maka riga shekara talatin ba. Ka bar ni ina jin kukan karnukan da suke can suna cin tsiran alade." Amma da na dawo gida na san gaskiya ya faɗa. Da na sani, da Erlbach duka ta sani kafin Lahadi. Ya san matarsa. Abin da bai sani ba shi ne zan iya yin abin da shi bai taɓa iyawa ba.

Shekara ashirin da huɗu ana haihuwar karnuka a gidan nan, fari ɗaya ne aka kashe, kuma ni na kashe shi.

Na je wurin Stadlbauer na ce ya gyara takarda ya sa bakwai. Ya ce ta riga ta tafi, kuma ko ba ta tafi ba, babu layin da ake rubuta irin wannan. Don haka ke nake roƙo. Tunda a wurinki sunayen sauran suke, ki ƙara ɗaya a ƙasa. Zacherl. An haife shi tara ga Fabrairu, ya yi kwana biyar, ya fi 'yan'uwansa cin abinci.

Kin ce zan zo in ga Wastl idan hanya ta yi kyau, ko ba ki ce ba na san za ki ce. Ba yanzu ba. Ba zan iya kallon wanda ya girma ba tukuna.

Ulla ta daina nemansa tun kwana uku da suka wuce. Shidan suna ƙiba, idanunsu sun buɗe. Kin san kwikwiyo da toshewar kunne ake haifarsa, kowane launi ne, sai ya wuce mako biyu yake fara ji. Jiya murfin tukunya ya suɓuce min ya faɗi a ƙasa, duk shidan suka zabura a cikin akwati lokaci ɗaya. Na zauna a kan dandamali. Saboda an ce kurma ne na yi abin da na yi, Zenzi, kuma ban bar shi ya kai ranar da za a sani ba.

Taki,
Burgi